Kwana biyar a gidan bawana a Almeriya

Shekara goma sha ɗaya rabona da bawana. Haka nake kiransa, haka shi ma yake kirana, don ni Bakano ne shi Badamagare, kuma shari'ar wane ne bawan wani tun zamanin kakanni ba a yanke ta ba. A zauren gidanmu ya yi almajirci. Kwano ɗaya muka ci ɗumame, bulalar malam ɗaya muka sha. Da muka tasa kowa ya kama gabansa. Ni karatu ya kai ni Jamus, na maƙale a can ina aikin jinyar tsofaffi a wani gari kusa da Kolon. Shi kuwa ya bi ta Agadas da Tamanrasat da Maroko har ya faɗo kudancin Sifaniya. Awa uku ce tsakaninmu a jirgi, amma muka shafe shekara bakwai a nahiya ɗaya muna ta "ina nan tafe" a WhatsApp.

Gara in faɗi gaskiya, ba zumunci kaɗai ya tashe ni ba, har da sanyi. Fabrairun Jamus ba a ganin rana sai a hoto, ga ragowar hutun bara kwana biyar da aka ce in ban cinye shi kafin ƙarshen Maris ba ya bi ruwa. Na duba tikitin Malaga na ga arha kamar tsintuwa, na saya kafin ma in kira shi. Da na gaya masa sai ya tuntsire da dariya ya ce, "Allah Ya kawo ka lafiya, dama ina neman mai wanke mini kwanuka."

Arhar ba ta kai ƙofar jirgi ba. Ƙaramar jaka ɗaya kamfanin ya yarda a shiga da ita kyauta, tawa kuwa ta yi ciki: kuka, busasshiyar kuɓewa, yaji da daddawa, rabin saƙon da Hajiyarmu ta aiko mini. Aka ce in zura ta cikin wani ƙarfen gwaji, ta ƙi shiga. Abin da na biya a wurin ya fi kuɗin kujerar. Daddawar kuma, duk da leda uku da na naɗe ta da su, ta yi ta gaisawa da matar da ke gefena har muka sauka.

Tunda takardar zaman Jamus gare ni, kuma ƙasashen biyu duk suna cikin yankin Shengen, ba wanda ya tsare ni da tambaya a Malaga. Ina fitowa na tuɓe rigar sanyi. Na hau bas muka miƙa gabas, teku a dama, duwatsu a hagu, fararen ƙauyuka maƙale a jikinsu. Wajen Motril har gonakin mangwaro da fiya na gani. Sai da muka wuce Adra ƙasa ta buɗe, na hango wani abu fari fat yana ƙyalli tun daga gindin dutse har bakin ruwa. Na ɗauka gishiri ne. Ashe leda ce. Rumfunan noman kayan miya ne, wannan manne da wannan, sama da hekta 30,000 a lardin Almeriya, har 'yan sama jannati suna hango su. Tekun leda mutanen wurin suke ce masa. Da yawa daga tumatir da tattasai da kokwamban da nake saye a kanti cikin hunturu daga nan manyan motoci suke kwaso su. Na daɗe ina karanta sunan a jikin kwali, ban taɓa kawo wa raina hannun bawana ne ya tsinke ba.

A tashar Roketas de Mar ya tarye ni. Ya rame, furfura ta fara leƙowa a gemunsa, amma dariyar tana nan yadda na san ta. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai, bawa ya ajiye tumbi! Abincin tsofaffin kake cinyewa?" Muka rungume juna, daga nan kowa ya juya yana gyaran murya.

Gidansu a hawa na uku yake, ɗaki uku, mutum shida: shi, wani mutumin Maraɗi, Bambarawa biyu daga Mali, wani ɗan Sanigal, da wani ɗan Zangon Kumasi mai Hausar Gana wadda ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "ya zo" ne. Takalman roba a jere a bakin ƙofa, jadawalin girki manne a jikin firji. Gadonsa ya bar mini ya ja 'yar katifa falo. Na fara gardama ya ce in yi shiru, baƙo raɓa ne. A daren nan aka tuƙa tuwon semo, aka kaɗa kukar da naman ragon da ya sayo wurin wani mahauci Bamaroke. Muka kewaye faranti ɗaya a ƙasa. Ba wanda ya ce uffan sai da aka suɗe, sannan mutumin Maraɗi ya ce shekara huɗu rabonsa da daddawar gaske, kuma in dai don ita aka ci ni tara, to tarar ta halatta.

Washegari Asabar, ranar aiki ce a wurinsu har azahar. Na nace sai na bi shi. Bayan asuba muka fito, ya aro mini keke da 'yar rigar nan mai ƙyalli da ake sawa don kada mota ta kwashe mutum. Titi cike da irinmu, baƙaƙe da 'yan Maroko, kowa da ledar abincinsa rataye a kan keke, ba mai magana. Tsakanin rumfunan lunguna ne marasa suna, ko'ina iri ɗaya. Da ya gudu ya bar ni, da har yau ina can ina bulayi.

Rumfar imbarnadero suke ce mata, maigidan kuma hefe. Nasa hefen wani gajeren dattijo ne mai hekta biyu, shi ma da akwati a gabansa yana tsinka. Da ya ji daga Jamus nake sai ya gaishe ni da wani Jamusanci mai tsatsa. Ashe mahaifinsa yana cikin dubban 'yan Sifaniya da suka tafi ci-rani masana'antun Jamus bayan yarjejeniyar da ƙasashen biyu suka ƙulla a 1960, lokacin Almeriya tana sahun matalautan lardunan ƙasar, wannan filin ba komai cikinsa sai ƙaya da iska. Da kuɗin ci-ranin aka sayi gonar. Bawana ya ce mini da Hausa, "Ka gani ko? Ɗan ɗan ci-rani ne ke juya ni."

Ciki da ɗumi da laima, ga warin ganyen tumatir mai hawa kai. An shimfiɗe ƙasar da yashi don ta riƙe danshi, siririn tiyo ya bi gindin kowace shuka yana ɗiga mata ruwa da taki daidai ma'auni. Tumatirin ba ya kwanciya kamar namu na Kadawa, igiya ake ɗaura masa ya yi ta hawa har ya fi mutum tsawo. A kan wani bulo na ga kwali mai 'yar ƙofa, ƙwari na shiga suna fita. Wani irin ƙaton ƙudan zuma ne mai gashi, sayo shi ake yi a kwali don ya yi wa fure barbara. Da zafi ya shigo, in ji shi, sai an hau sama an shafe ledar da farar ƙasa, in ba haka ba mutum da shuka duk sai su dahu.

Na karɓi almakashi na yi awa ɗaya. Ƙuguna ya amsa, yatsuna suka yi baƙi-baƙi da wani danƙo da sabulu ya kasa, sai lemon tsami. Shi kuwa kafin in cika akwati ɗaya ya cika uku, bakinsa bai huta ba. A nan ya ba ni labarin takardu. Shekara uku ya yi ba shi da komai sai rajistar zama ta ƙaramar hukuma, wadda suke kira padron, ita ce shaidar cewa kana ƙasar. Dokar lokacin ta ce wanda ya cika shekara uku, ya kuma samo kwantiragin aiki, yana iya neman izinin zama. Dattijon nan ne ya sa masa hannu. "Shi ya sa ko ya tashi faɗansa nake yin shiru," ya ce. Abin da yake samu a wuni bai kai Yuro 50 ba, kuma ranar da ba ka fita ba, ba a rubuta ta. Amma shi da sefa yake lissafi. Yuro ɗaya sefa 656, wuni ɗaya kusan jaka talatin ke nan, kuma baki goma sha huɗu ke jiranta a Damagaram. Na ji wannan magana da kunnena, amma ban ajiye ta inda ya kamata ba.

Lahadi muka shiga birnin Almeriya. Muka hau Alkasaba, ganuwar da Halifa Abdurrahman na Uku ya sa aka gina a 955. Daga sama ana ganin gari duka, da tashar jiragen ruwa masu zuwa Nador da Meliya da Aljeriya. Ruwan ya yi shuɗi, ya kwanta luf. Na ce mu sauka bakin teku in sa ƙafa. Ya ce, "Je ka, ina nan. Ni da ruwan nan mun gama gaisawa." Dare biyu ya yi a kansa cikin kwale-kwalen roba. Bai ƙara ba, ni ma ban tona ba. Muka juya cikin gari neman abinci.

Mutanen nan sai wajen ƙarfe uku suke cin na rana, na dare kuwa sai tara ko goma. Suna da wata al'ada da ta burge ni: ka sayi abin sha, a haɗo maka da ɗan faranti na abinci, tapa suke ce masa. Mu mosto muka sha, ruwan inabi ne da bai zama giya ba. Sai dai cinyoyin alade ne rataye reras a saman kanta kamar an yi shanya, kuma a kusan komai suna jefa shi, don haka kalma biyu bawana ya fara koya mini, "sin serdo", wato ban da alade. Da su da soyayyen kifi na rayu.

Da dare mutumin Maraɗi ya buɗe firji ya zuba mini wani farin abu a kofi, ya ce in kurɓa in faɗi sunansa. Na kurɓa. Kunun aya! Sai dai ba citta, ba kanumfari, ba dabino, sukari kawai. Orchata suke kiransa, abin alfaharin mutanen Balensiya ne, a can ake noman ayar. Amma tasu ba ta isarsu, suna sayowa daga Nijar da Mali da Burkina Faso. Ya ɗaga kwalin yana dubawa ya ce, "Wa ya sani ko ta gonar tsohona ce. Ta riga ni samun biza."

Tun ina Jamus na saya mana tikiti biyu na shiga Alhambra, tsohuwar fadar sarakunan Musulmi ta birnin Granada, don wanda ya je Granada bai tanada ba sau da yawa sai dai ya kalli bango ya dawo. Da sunan mutum da lambar fasfonsa ko katinsa ake saye, kuma fadar sarakunan tana da ƙayyadadden lokaci, ka makara ka rasa. Na ce ya turo mini lambar katinsa, ya turo bai tambayi dalili ba. Na Asabar da Lahadi sun ƙare, sai na ɗauki Litinin ban yi shawara da kowa ba, ina ganin na yi abin kai. Da na gaya masa ya ɗan yi jim, sannan ya ce, "Litinin? To, ba komai." Shekara bakwai yana zaune tafiyar da ba ta kai awa uku ba daga wurin, bai taɓa zuwa ba.

Hanyar ta ratsa gefen hamadar Tabernas, inda aka ɗauki finafinan kaboyi da yawa a shekarun 1960, ta wuce Gwadis mai gidaje cikin kogo, bututun hayaƙinsu na tsirowa daga ƙasa. A hagu duwatsun Siyera Nebada sun yi farin rawani na ƙanƙara. Bawana ya shiga koya mini Larabcin da ya maƙale a bakin mutanen nan. Magajin gari alkalde suke ce masa, alƙalinmu ne dai ya sauya riga. "Asta" tasu ita ce "hatta" tamu. In kuma suna fatan abu sai su ce "ohala", sunan Allah ne a ciki ko sun sani ko ba su sani ba.

Ni da guzurin hawaye na zo. Tun muna yara ake karanta mana Andalus a wa'azi: mulkin kusan shekara 800, daga 711 har ranar 2 ga Janairun 1492 da Abu Abdullahi, sarkin ƙarshe, ya miƙa wa sarakunan Kirista Fardinan da Isabela makullan Granada. Kuma Garnaɗa, wato Granada, ba baƙuwa ba ce a zaurukanmu. Tuhufa, littafin nan da alƙalanmu suke yanke hukunci da ita, Ibnu Asim ne ya rubuta ta, alƙalin wannan gari. Na shirya in tsaya a tsakiyar fada in yi jimami yadda ya dace.

Daga waje ginin ba shi da wani ado, jan bango ne kawai kamar badala. Ciki ne abin yake. Ba tafin hannu ɗaya na bango da aka bari haka nan, ko'ina zane da rubutu, sassaƙa a kan sassaƙa kamar aikin wuyan babbar riga. Ni ina fama da ɗan littafin bayani, bawana kuwa bangon yake karantawa kai tsaye. "Wa la galiba illallah," ya ce, ya nuna can, ya nuna can, ya nuna can. Taken gidan sarautar ne, sun rubuta shi ba adadi. Da muka shiga babban zauren da sarki ke karɓar jakadu, ya ɗaga kai ya ƙura wa gindin rufin ido. Rufin katako ne, gutsattsari sama da 8,000 aka harhaɗa suka ba da siffar sammai bakwai. Can sai na ji ya ce, "Kai, Tabaraka ce!" Ya kama ta a hankali da Warshu, karatun da mutanen Andalus suka yi, wanda mu ma shi muka wanke a allo. Wasu 'yan yawon buɗe ido da ke kusa suka sauke wayoyinsu. Ni da na zo da littafi, sai na koma ina bin bayan almajirin zaurenmu yana yi mini bayani.

Amma abin da ya tafi da hankalinsa ruwa ne. A farfajiyar zakuna goma sha biyu bai ko kula zakunan ba, ya tsuguna yana bin 'yan magudanan da suka ratsa daɓen da ido, yana son ya gano ta ina ruwan ke shigowa, ta ina yake fita. Tun ƙarni na 13 aka tare kogin Darro can sama, wajen kilomita shida, aka jawo shi ta gefen dutse har fada. A lambun Heneralife akwai wani matakala da ruwa ke gangarowa ta kan dogaran hannunsa biyu. Ya tsoma hannu ya daɗe. "Ba inji, ba janareto, ba kuɗin wuta," ya ce. "Gangare kawai. Wanda ya auna wannan ya san aikinsa." Sai ya dubi katangar ya ce, "Waɗanda suka ɗauko ƙasar nan a ka fa, a ina suke kwana? Nawa ake ba su a wuni?" Na buɗe ɗan littafina. Sarakuna ne kawai a ciki. Hawayen nan dai da na yi guzuri ban samu inda zan sauke su ba, kuma ban yi da-na-sani ba. Mun iya kukan fadar da ta kuɓuce mana, alhali da muna nan a lokacin, da wuya a bar irinmu mu wuce soron farko.

Muka sauko muka haura unguwar Albaisin ta lunguna masu duwatsu, har babban masallacin da aka buɗe a 2003. Muka rama azahar muka yi la'asar. Daga lambun masallacin Alhambra tana fuskantarka gaba ɗaya, ƙanƙara a bayanta, rana ta mayar da bangon ja wur. A nan ya miƙo mini wayarsa, ya gyara zaman hularsa, ya ce in ɗauke shi da kyau. Duk hotunan da yake tura wa gida, in ji shi, a gaban motar wani ne ko ƙofar kanti. Na ɗauka sun fi ashirin kafin ya yarda da ɗaya.

Sai da muka dawo da dare, na shiga kicin neman ruwa, ɗan Kumasi ya tare ni. "Abokinka ya so ka da yawa," ya ce. Litinin ita ce ranar da tumatir ya fi taruwa, tunda ba a tsinka ran Lahadi ba, ga shi tsakiyar kaka ce. Hefe bai ji daɗi ba, sai da bawana ya nemo wanda zai tsaya masa, kuɗin ranar kuma na wancan ne. Na tsaya da kofi a hannu ina lissafi. Wuni guda, naman rago, kuɗin bas ɗin da ya rantse shi zai biya, kwana huɗu a ƙasa ga mutumin da ke sunkuye tun asuba. Ni kuwa ko ina kwance albashina yana tafiya.

Na san in na miƙa masa a hannu faɗa za mu yi. Da asubar Talata na ninke Yuro 100 na cusa cikin robar kuka. Ya raka ni tasha a gurguje kafin ya wuce aiki, ya danƙa mini leda cike da tumatir da tattasai, ya ce in kai wa tsofaffina su ɗanɗana na gaske. Jakar da ta ƙi shiga ƙarfe da zuwa, yanzu ta shige salin-alin. A filin jirgin Malaga na buɗe ledar don in gyara mata zama, sai ga kuɗina a naɗe cikin takarda, kuka ta ɓata gefensu.

Ina isa gida na nemi lambar ƙaninsa, na tura wa tsohuwarsa a Damagaram, na ce tsarabar ɗanta ce na Kano. Bayan kwana biyu saƙon murya ya shigo, minti huɗu cur. Ukun farko zagi ne, ni da Kanawa har kakanninmu. A na ƙarshen ya ce a Yuli ake tuge shuka, rumfuna su zauna fayau sai an sake dashe, don haka in nemi katifa mai kyau, don shi ba zai kwana a ƙasa ba a gidan bawansa.